Kalmar da Ba Ma Furtawa a Azumi

'Yan'uwa, yau an jarraba ni a inda ban zata ba!

Yau Asabar da safe, ni da matata Maman Rahila muka halarci sujada a majami'ar Yahudawa a Birmingham. Maƙwabcin 'yarmu ne ya gayyace mu. Kun san ka'idarmu ta cocin Lutheran: daga farkon Azuminmu na kwana arba'in har bikin Ista ba a furta Halleluya. Rubutawa ba furtawa ba ce.

Sai aka shiga Zabura da Ibrananci. Ban gane komai ba sai wannan kalma, ana ta maimaita ta! Na kame bakina. Na juya, sai ga Maman Rahila tana rerawa!

Na ce, "Maman Rahila, Azumi ne!"

Ta ce, "Malam, baƙo ba ya gyara wa masu gida waƙa."

Wani dattijo a gefena ya tambayi dalilin shiruna. Na bayyana masa. Ya ce, "Kada ka damu, zan rera naka." Ya ɗaga murya har mutane suka waiwayo!

Ni ban furta ba. Ita kuwa, ga mu a jirgin ƙasa za mu Manchester, har yanzu tana rerawa.