Gadon da Aka So Juyawa Gabas

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba. Mu biyar ne a ɗakin masu ciwon zuciya: Dakta Ofori, nas Akosua, Alhaji Salifu mai shagon takalma a unguwar Adum wanda ke kwance, yayansa Malam Isaka, sai ni Azara mai shara da gyaran gado. Ban yi boko ba, amma abin da na gani sau biyu ba ya ɓace mini.

Bayan azahar aka kawo Alhaji, yana dafe da ƙirji, gumi na zuba. Gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciyarsa, Dakta ya sa masa maganin narkar da shi. Ku sabbin zuwa aikin asibitin nan, ku riƙe wannan: sa'ad da hanya ta buɗe jini ya koma, a nan ne zuciya kan rikice ta yi ta bugu ba tsari. Shi ya sa tun kafin a fara, Akosua ta kafa wata allura a hannunsa na dama, ta rataye ruwan maganin da ke daidaita bugun, yana jira.

Wajen la'asar na'urar da ke lura da bugun zuciyarsa ta hau kuka, idon Alhaji ya kafe. Dakta ya ce a buɗe ruwan, ya juya yana shirya injin farfaɗo da zuciya ko da magani zai gaza. Sai Malam Isaka ya miƙe da salati, ya kama ƙafar gado.

"Lokaci ya yi. A juya shi gabas, a kwantar da shi kan damansa."

Akosua ta yi masa Turanci, ta koma yaren Twi, ko kallonta bai yi ba. Gado ya motsa, robar magani ta miƙe kamar za ta fizge allurar.

"Mma Azara!" in ji Akosua.

Na yar da tsintsiya, na taka birkin gado, na dafe hannun Alhaji mai allurar.

"Malam, saki gadon nan."

"Ke mai shara ce za ki hana ƙanena cikawa da kyau?"

"Mai sharar ta ga masu cikawa fiye da kai. Wannan ba tafiya yake yi ba, jininsa ne ya dawo. Ka ja gadon nan allura ta fita, kai ka sallame shi. Zo ta kansa ka yi masa kalmar shahada a kunne, Allah na ji ta ko'ina."

Ya harare ni, sannan ya saki. Yana karantawa, ruwa na ɗiga, ni kuwa ban ɗaga hannuna ba. A hankali kukan na'ura ya lafa, Dakta ya ture injinsa gefe. Can Alhaji ya motsa baki.

"Yaya, wa ka bari a shago?"

Malam Isaka ya zauna daɓas a ƙasa, dariya da hawaye tare.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba mugunta ke sa su taɓa gado ba, ƙauna ce. Tsawa ba ta tsayar da su, sai ka ba su abin yi.

Washegari da sassafe na nemi izinin babbar nas, na jujjuya gadajen ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya, yadda duk wanda ya kwanta kan damansa gabas zai kalla, ba sai an ja komai ba.