Ƙafar Mahaifin Dattijo

"Ubanka ne ko nawa?" Muryar matar Dattijo ce ta ratso bango ta faɗo ɗakinmu. "Ni ce wankin miki, ni ce kwasar fitsari, kai kana can kana goge takalmin zuwa coci!"

"Rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji mana! Ai su kake tsoro, ba Allah ba."

Tun bai yi furfura ba ake ce masa Dattijo, don shi ne babba cikin dattawan cocinmu. Kafinta ne. Giciye a wuya, giciye a ƙofar shago, Littafi Mai Tsarki a hammata ko kasuwar katako za shi. Ranar wanke ƙafafu a coci shi ke fara durƙusawa da farin tawul, yana cuɗa ƙafafun da masu su suka riga suka wanke tas a gida, har da 'yar ƙwallarsa.

Mahaifinsa kuwa yana kwance a ɗakin baya, ciwon sukari ya cinye masa diddige. Dattijo ba ya wuce bakin ƙofa. Daga nan yake jefa addu'a, da ƙarfi, yana kau da hanci. Laifin tsohon ɗaya ne: ya ƙi a ɗauke shi a kujera a kai shi gaban jama'a ya shaida cewa ɗansa ne ya jawo shi wurin Yesu. "Ni da Shi mun gama magana," in ji tsohon. "Ba sai da lasifika ba." Dattijo kuwa ya riga ya yi wa cocin alkawarin wannan shaida, kuma har ransa yana ganin an hana shi haƙƙinsa.

Rigimar ba ta lafa ba sai ga Fasto ya yi sallama, ya zo duba mara lafiya. Muka fito gaishe shi. Kafin ya ajiye hula, Dattijo ya fizge roba da tawul daga hannun matarsa, ya faɗa ɗakin da ya daɗe bai taka ba, ya zube a gaban gado, ya kai hannu kan ƙafa ɗaya.

"Baba, kawo ƙafar."

Tsohon ya dube shi, ya dubi Fasto, ya ja ƙafarsa cikin zane.

"Ba wannan ce mai ciwon ba," ya ce. "Ba wa surukata robar. Ita ta san wacce."

Matar ta karɓa. Ruwa ya jiƙa wa Dattijo gwiwar wando, ya miƙe yana kakkaɓewa, ya rako Fasto har ƙofar gida. A nan ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda layin zai ji.

"A ci gaba da sa Baba a addu'a, Fasto. Har yanzu zuciyarsa a taurare take."