Gammon Isiyaku

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina Isiyaku, kuma har yau idan an ambace shi a unguwarmu ta Jarwal, nan kusa da Harami, sai wani ya ce, "Wanda ya ce ƙasa na yawo?" E, shi ne. Ba na jin kunyar faɗa.

Aikinsa ɗaukar tsofaffi ne a ɗawafi. Su huɗu ne, kowa da gammonsa, su ɗora gadon katako a ka, tsoho na zaune a kai, suna ratsa jama'a. Tanko ne babbansu, tun daga Sudan suke tare. Aikin ba ya yiwuwa da mutum uku. Gefen hagu na baya, nan ne wurin Isiyaku.

Wata rana suka ɗauki wani tsohon malami Baturke. Da aka sauke shi ya yi dariya, ya ce yana sama sai ya ga kamar ginshiƙan masallaci ne ke zagaya shi, alhali shi ake zagayawa da shi. Ya ce haka ƙasa take. Mutanen zamanin da sun ɗauka ita ce a tsaye, rana na kewaya ta, har wasu masu duban taurari a Turai suka mayar da rana tsakiya, lissafinsu ya zauna daidai. Sauran ukun suna goge gumi. Nawa mijin kuwa ya taho da maganar har gida.

Da ya bar ta a gida da an zauna lafiya. A'a, sai da ya kai ta majalisa. Tanko ya ce, "To idan ƙasa na yawo, alƙibla fa? Bin ta za mu riƙa yi?" Isiyaku ya ce ai tare muke tafiya da ita, kuma Wanda Ya halicce ta Shi ke riƙe da ita. Ba su saurara ba. Suka ce ba za su shiga Harami da mai irin wannan baki ba, suka sa wani a gurbinsa.

Ni a lokacin ko alif ban sani ba, ban kuma gane maganar ba. Amma na san mijina bai taɓa fashin salla ba. Na je har ƙofar Tanko na ce, "Baban Rabi, da kai muka sha ƙishirwa a hanya. Yau magana ce ta raba ku?" Ya ce, "Hajiya, ki ce ya janye kawai." Isiyaku ya ƙi janyewa, ni kuma ban roƙe shi ba. Ya koma ga-ruwa, aikin mutum ɗaya, yana hawan tudun unguwar Nakkasa da garwa biyu har ƙirjinsa ya gaza.

Yanzu ina zuwa ajin mata a unguwar Hindawiyya, da furfurata. Kwanan baya malamarmu ta zana rana a tsakiyar allo, ta jera duniyoyi suna kewaya ta, har da ƙasarmu, a cikinmu ba wadda ta ko ɗaga kai. Na ce, "Tun yaushe aka san haka?" Ta ce an yi ɗaruruwan shekaru. Ga shi rediyo ma na cewa mutane sun hau sama sun kewaya ƙasa sun dawo. Da yana nan me zai ce? Ban jin zai yi alfahari. Ina jin wurin Tanko zai fara zuwa, don shi abokan hira ya rasa, ba gaskiya ba. Na dawo gida da labarin a bakina, na tarar da ɗaki shiru.

Ranar jana'izarsa su ukun sun zo, ba wanda ya kira su. Suka kama makara, kowa a gefensa na da. Gefen hagu na baya sai wani baƙo ya kama, gajere, makarar ta karkata. Ina daga bakin ƙofa na ga Tanko ya waiwaya ya dubi wurin, ya sunkuyar da kai.

Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Gammonsa ne rataye a ƙusa. Idan kaɗaici ya dame ni sai in dube shi, in tuna ko ina zaune shiru ɗauke ake da ni, ana tafiya. Allah Ya jiƙan ka, Isiyaku. Wurinka ba a cike shi ba.