Ɗigon da Na Ɓoye

Ni matar manomin albasa ce a Bodinga. Sai da na haihu biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma babu abin da ya sace mini zuciya kamar lissafi. Ranar da aka nuna mana ɗigo, cewa tsakanin tara da goma akwai wasu ƙananan lambobi, da rawa na isa gida.

Zamanin farar hula, da aka tsuke bakin aljihu, wata ƙungiyar manoma a Shagari ta ɗauke ni in riƙa auna wa mata shinkafa mai rahusa. Ina zuwa da ɗiyata Hadiza goye, tana shan nono. Aka ba ni sikeli da injin lissafi mai koren lambobi. Matan ba su iya karanta sikeli ba, injin kawai suke kallo.

Wata rana na tura wani ɗan maɓalli a gefensa. Na buga tara da ɗigo shida, sai ga goma cif. Ashe maɓallin ɓoye ɗigo yake yi. Na fara rage shinkafa tafin hannu ɗaya a kowane awo, daga nan biyu. Kowa ta ga gomarta ta tafi tana sa mini albarka, ni kuwa buhu yana cika a ɗakina.

Sai aka roƙe ni in taimaka a sabon ajin mata na Lambara, garin matan da nake auna wa shinkafa. 'Ya'yana, son lissafi ne ya kama ni. Ban iya haƙuri ba, na koya musu ɗigo tas, har da zana sikeli a allo.

Ranar awo, Inna Ige, tsohuwar da ta fi kowa ƙwazo a ajin, ta tsaya ta ƙura wa sikeli ido.

Ta ce, "Malama, nan tara da shida nika gani. Ina kika kai ɗigonmu?"

Na ce inji ba ya ƙarya.

Ta yi dariya. "To, ko dai ke kika yi muna ita a aji?"

Aka duba maɓalli, aka duba ɗakina. Alƙali ya tura ni gidan yari a Sakkwato. Mahaifiyata ta karɓi Hadiza daga bayana a bakin kotu, yaye ya zo mata ba shiri.

Ranar da aka sake ni, tun daga tasha nake gudu, mayafi yana faɗuwa. Na miƙa wa Hadiza hannu, ta ɓuya bayan kakarta. Sai da damina ta wuce ta yarda ta ce mini Inna.

Na bi matan gida-gida na nemi gafara, na roƙi Allah. Ku da kuke taɓa injunan zamani, ku bar kowace lamba ta fito da ɗigonta. Abin da nake ɓoyewa a kowane awo bai wuce cikin tafi biyu ba, amma a bakinsa aka kwance mini goyo.