Taku Goma Sha Huɗu a Titin Mezquite

Hermelinda Cantú, wadda duk unguwar La Garceta ke kira Doña Mela, ba ta iya zama ba. A tsaye take cin abinci, a tsaye take shan gahawa, ko a coci ma bencin ƙarshe take zaɓa domin ta riƙa leƙa waje. Na koyar da 'ya'yanta huɗu a firamare, kuma a duk tarukan iyayen yara da ta halarta ban taɓa ganin bayanta ya taɓa kujera ba.

An haife ta a wata gonar albasa kusa da kogi, nan kudancin Texas. A zamanin mahaifinta sai mutum ya biya haraji kafin ya yi zaɓe, kuma mai gona ne yake biya wa leburorinsa. Ranar zaɓe sai a loda su a babbar mota, a miƙa wa kowa zare mai ƙulle-ƙulle. Idan mutum ya shimfiɗa zaren a kan takardar ƙuri'a, inda ƙulli ya faɗa nan ne sunan da mai gona yake so. Mahaifinta ya yi zaɓe sau goma sha ɗaya bai san wanda ya zaɓa ba. An soke harajin tana da shekara ashirin. Bayan shekara biyu ta jefa ƙuri'arta ta farko, ta kuma tafi da maƙwabta uku a motar mijinta. Daga nan aikinta ya samo asali.

Mazaɓarmu ta Majalisar Wakilai ta Tarayya doguwa ce siririya, kamar an yanko zirin nama. Ta taso daga bakin kogi ta miƙe arewa, tafiyar awa huɗu a mota. A kudu mu ne: masu tsinkar lemo da albasa, da malaman makaranta, da matan da ke jinyar tsofaffi a gidajensu. A tsakiya shanu ne da ƙaya, inda gunduma guda ba ta kai yawan mutanen unguwa uku ba. Can arewa kuwa rijiyoyin mai ne da jikokin Jamusawa, waɗanda ba su taɓa jin sunan La Garceta ba. Tun kafin a haife ni jam'iyya mai alamar jaki ce ke cin kudu, har ya zama zaɓen fid da gwani na watan Maris shi ne zaɓen gaske a wurinmu. A 'yan shekarun nan ne abokiyar hamayyarta mai alamar giwa ta fara kutsowa, ta hannun mazan da ke aikin mai da na tsaron iyaka. Kowace shekara goma, bayan ƙidaya, 'yan majalisar jiha sukan sake zana taswirar mazaɓu a babban birni, a kai ƙara kotu, a gyara, a sake kai ƙara. Sau biyar layin iyakar mazaɓarmu ya motsa tun da Doña Mela ta fara aiki, bai taɓa kusantar unguwarmu ba.

Aikin nata shi ne kai mutane rumfar zaɓe. Tana da ƙaramar bas fara, kuma mutum ɗari da tamanin da shida na titin Mezquite da lungunansa ita suke jira. Ta san wanda sai ya yi allurar ciwon suga kafin ya fita, da wadda ba ta shiga mota ɗaya da surukarta. Shekara goma sha takwas tana bayan ɗan majalisa Rosendo Alaniz, kuma ita ke dafa shinkafa da wake a kowace pachanga tasa, wato walimar gashin nama da ɗan takara kan yi wa mutanen unguwa. Ta dalilinta kwalta ta shigo Mezquite, daga baya fitilun titi suka biyo.

A watan Janairu na shekarar da ta cika saba'in da shida, sababbin katunan zaɓe suka iso ta gidan waya. Ina shayar da shuka ta faɗo gidana babu sallama, kati a hannu.

"Malam, ɗauko naka mu gwada."

Na ɗauko, muka jera su a kan tebur. Lambar mazaɓar da ke kan nawa ita ce ta da. Tata daban ce.

"Sun yi kuskure," in ji ta.

"Ba kuskure ba ne, Doña Mela. Na duba sabuwar taswira. Layin ya biyo tsakiyar titin Mezquite. Mu na gabas muna nan inda muke. Ku na yamma an haɗa ku da wata mazaɓa, wadda cibiyarta take arewa maso yamma, tafiyar awa biyar daga nan."

"Tsakiyar titin? Titin da na yi shekara tara ina bin ofisoshi kafin a zuba masa kwalta?"

"Shi."

Ta fita ta tsaya a bakin kwalta, ta ƙetara tana ƙirga takunta, ta dawo tana ƙirgawa. "Goma sha huɗu," ta ce. "Taku goma sha huɗu, wai na zama baƙuwa."

Washegari ta tafi ofishin kamfen na Alaniz, inda Baldomero Garza ke shugabanci, mutumin da ta sani tun yana rarrafe. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi. Ya tarbe ta da fara'a, ya jawo mata kujera, ta ƙi zama.

"Goggo, ba laifinmu ba ne," in ji shi. "Ɗan majalisa ma ya yi baƙin ciki. Sai dai ka'idarmu ita ce tukunyar pachanga tana hannun wadda ke cikin mazaɓa. Mutane suna so su ga mai zuba musu abinci a layi ɗaya da su ranar zaɓe. An ba Doña Ofelia."

"Ofelia? Wadda wakenta ke fitowa kamar tsakuwa?"

"Tana gabas, Goggo."

Ofelia matar ƙanenta ce marigayi, gidanta yana fuskantar na Doña Mela. Shekara arba'in suna gaisawa ta saman titi, suna kuma kushe girkin juna. Kwana uku Doña Mela tana kai-kawo tsakanin ƙofarta da bakin kwalta. Ta wanke bas sau biyu. Ta sare reshen lemon da bai yi mata komai ba. A rana ta huɗu ta sake zuwa wurina.

"Malam, idan mutum ya tashi daga gida ya koma wani, me doka ta ce?"

"Sai ya sauya adireshinsa kwana talatin kafin zaɓe. Amma dole ya zama can yake zaune da gaske. Can zai kwana, can kayansa suke. Idan a takarda kawai ya tashi, laifi ne babba."

"Kwana nawa ya rage?"

"Shida."

Ta ƙetara titi kai tsaye. Na bi ta, domin ta ce in zama shaida. Muka sami Ofelia a baranda tana tsince wake.

"Ofe, ɗakin baya na ɗanki Lalo har yanzu babu kowa?"

"Akwai keken ɗinki da kwalaye. Lafiya, Yaya?"

"Zan dawo nan da zama."

Ofelia ta ajiye faranti. "Gidanki ya rushe ne?"

"Gidan ƙanena ne wannan, ina da haƙƙin ɗaki."

"Ƙanenki ya shekara bakwai a kabari, bai taɓa ganin kin zauna minti biyar a falonsa ba. Yanzu da aka ba ni tukunya ne kika tuna da zumunci?"

"Ki riƙe tukunyarki, Allah ya ba haƙoran jama'a haƙuri. Ƙuri'ata nake so."

Ofelia ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ina yin munshari. Kuma ba a taɓa mini rediyo."

"Na ji munsharinki daga gidana tun ba yau ba."

A ranar Asabar maza huɗu suka ɗauko gadonta na ƙarfe suka ƙetara da shi, ita tana gaba tana tsayar da motoci da hannu. Akwatin tufafi ya biyo baya, da hoton mijinta, da tukunyar gahawa. Mutanen yamma suka fito ƙofofinsu suna kallo, babu wanda ya kama musu. Ran Litinin ta kai takardar sauya adireshi, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika.

Daga nan ta shiga zagayen da ta saba, gida-gida, tana sanar da lokacin da bas za ta tsaya. A gabas aka riƙa ce mata an riga an yi magana da Ofelia, wadda surukinta zai kawo mota. A yamma kuwa aka karɓe ta da ladabi, aka ba ta ruwa, aka ce za a duba. Wani dattijo, Don Evaristo Salinas, shi kaɗai ya faɗa mata gaskiya. Shekararsa casa'in da uku, idanunsa sun yi rauni, kuma tare suka yi aikin gonar albasa da mahaifinta.

"'Yar nan, da muna shiga motarki ne domin abin da ya same mu ya same ki. Yanzu kin ƙetare, kin bar mu da mutanen da ba mu sani ba."

"Baba, taku goma sha huɗu ne fa."

"Na ji an ce kin ƙirga."

Ranar zaɓe da ƙarfe bakwai na safe ta tsayar da bas a tsakiyar titi, ta yi oda sau uku kamar yadda ta saba. Na shiga, domin tun da na daina tuƙi ita ke kai ni. Muka jira. Motar surukin Ofelia ta cika ta tafi, ta dawo ta sake cika. A yamma labule ya motsa a gidaje biyu ko uku, amma ƙofa ba ta buɗe ba. Doña Mela ta sauka ta zagaya bas, ta duba tayoyi, ta hau, ta sake sauka. Wajen ƙarfe takwas da rabi ƙofar Don Evaristo ta buɗe. Ya fito da hularsa ta zuwa coci, yana dogara sanda. Ta ruga ta kama shi ta zaunar a gaba.

"Ban taɓa fashin zaɓe ba, ba zan fara don fushi da ke ba," in ji shi. Ya ciro wata takarda daga aljihu, samfurin ƙuri'ar sabuwar mazaɓa da aka aiko masa. "Karanta mini kafin mu isa. A ciki ba a yarda ki ba ni shawara ba."

Ta karanta sunaye biyar a hankali. Biyu daga ciki sai da na taimaka mata wajen furta su.

"To, wanne ne mutumin kirki?"

Ta juya takardar, ta dubi bayanta, babu komai a rubuce.

"Wanne ya taɓa zuwa nan? Wanne ya san inda ruwa ke kwanciya idan an yi ruwan sama?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ko ɗaya ba ki taɓa gani ba?"

"Ko ɗaya."

Ya karɓi takardarsa ya ninke. "Ubanki aƙalla yana da zare," ya ce. "Mu je."

A zauren makarantar da na koyar aka yi zaɓen. Don Evaristo ya zaɓi alƙalin gunduma da sauran ƙananan muƙamai, ya bar gurbin ɗan majalisa babu komai. Shi ya faɗa mana haka a hanyar dawowa. Doña Mela ta jefa wa Alaniz ƙuri'arta, ya kuma ci da rata mai yawa, wadda ƙuri'a ɗaya ba ta ƙara ta ba ta rage ta. Daga cikin mutum casa'in da ɗaya na yammacin Mezquite, goma sha uku ne suka fita a ranar.

Bayan kwana biyu ta zo gidana da takarda da biro.

"Malam, rubuta mini gundumomin wannan sabuwar mazaɓa, daga nan har ƙarshenta. Da garin da kowane ɗan takara yake zaune."

"Za a yi zagaye na biyu a watan Mayu, tsakanin mutum biyu da suka fi ƙuri'a. Amma ke yanzu 'yar gabas ce, Doña Mela."

"Zan koma gidana. Rubuta."

Na rubuta gundumomi goma sha huɗu cikin tsari, da nisan da ke tsakaninsu. Ta tsaya a kaina har na gama, tana karantawa ta saman kafaɗata.

Ofelia ta hana a ɗauki gadon. Ta ce ƙafarsa ɗaya ta tanƙware a ƙetarawar farko, kuma ba za ta bari unguwa ta sake yin kallo kyauta ba. Saboda haka katifa kawai Doña Mela ta jawo ta mayar gida, ta shimfiɗa a ƙasa, ta sake kai takardar sauya adireshi. Ma'aikaciyar ofishin ta tambaye ta ko wannan karon ta tabbata.

Ran Juma'a da hantsi ta cika bas da mai, ta ɗauki burodi da gahawa a flas. Ta tsaya a ƙofar Don Evaristo ta gaya masa za ta je ta ga mutanen nan biyu ido da ido, ta ji muryarsu, ta dawo ta faɗa masa abin da ta gani. Ya ce idan ta isa ta lura da yadda kowannensu ke magana da mai share masa ofis. Ofelia ta leƙo daga baranda ta ce tayar baya ta hagu ba ta da iska sosai. Doña Mela ta ce ta gani, ta ja mota ta nufi arewa.