Shekarar da Aka Ɓoye wa Inna Ƙwarya

Har yau idan na ga an kewaye mai baƙin ciki ana jera masa sannu, ana gyara masa matashi, ana cewa kwanta ka huta, sai in ji raina ya ɓaci. Na san inda na samo wannan fushin. A gidanmu na samo shi, a wani ƙauye kusa da Guci, a shekarun farin nan na saba'in da ƴan kai, lokacin da muka kusa kashe mahaifiyarmu da tausayi.

Gidanmu na noma ne da kiwo. Gero da gyaɗa na maza ne, nono na Inna. Tun kafin in yi wayo da ƙarar maburkakinta nake farkawa. Babanmu ya rasu da daɗewa, ta yi kukanta, ta fita takaba, ta koma tatsa. Amma da fari ya zo sai shanu suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga zare ciyawar rufin ɗaki ana ba su. Ta ƙarshe wata jar saniya ce mai karyayyen ƙaho, wadda da kakarta aka kawo Inna gidan aure. Ita ma ta kwanta a gindin gawo ba ta tashi ba. An ce Inna ko hawaye ba ta yi ba. Ta wanke ƙorenta, ta kife su, ta shiga ɗaki.

Ni a lokacin ina aure a Dantchiao, ina goyon fari. Sai bayan kaka saƙo ya same ni, wai Inna ba ta jin daɗi. Na goya ƴata, na hau jaki.

Abin da na tarar ya fi ƙarfin "ba ta jin daɗi". An saki asabari a ƙofa, ɗakin duhu da tsakar rana, hayaƙin magani ya turnuƙe shi har sai da jaririyata ta shaƙe. Inna na kwance fuskarta ga bango. Matar da ake jin muryarta daga rijiya idan tana faɗa da akuyar maƙwabta, ita ce ta rame, kitsonta ya tsufa, zaninta na warin jiƙo. Na ajiye mata jikar da ba ta taɓa gani ba a gabanta. Ta dube ta, ba ta ko miƙa hannu ba. Na ce, "Inna, ina ke miki ciwo?" Ta ce, "Babu." Gaskiya ta faɗa, ba zazzaɓi, ba tari, ba kumburi. Rayuwar ce kawai ta fita daga ranta.

Mutum biyu ne ke riƙe da jinyar. Akwai Yaya, babban wanmu, ɗan farin Inna kuma mai gida, wanda ya dawo daga ci-rani da buhun shinkafa da gwangwanin madarar gari. Akwai Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda babu ganye ko saiwar da ba ta san amfaninta ba, a faɗarta. Gwaggo ta ce iska ce. Yaya ya ce gajiyar shekaru ce, ta sha wahala, yanzu lokacin hutunta ne. A abu ɗaya suka haɗu: kada Inna ta ga ko ta ji abin da zai tuna mata da shanu. Don haka suka kwashe ƙoren nono, da maburkaki, da igiyar ɗaure maruƙa, suka zuba a tsohon rumbu suka rufe. Kalmar saniya ma an hana faɗinta a tsakar gida. In yaro ya yi suɓutar baki sai a harare shi kamar ya yi zagi.

Aiki kuwa an raba ta da shi gaba ɗaya. Ta miƙa hannu ga tsintsiya, matar Yaya ta rigaye ta. Ta ce za ta tsince wake, a ce haba Inna, muna nan. A wurinmu wannan shi ne girmama uwa, kuma wanda ya bar tsohuwarsa tana aiki ba ta da lafiya, gari zai ci namansa. Abinci kunu da safe, kunu da yamma, tun da mara lafiya kunu aka san shi da shi. Wani lokaci Yaya ya sa a dama madarar gari a kai mata. Sai ta shinshina, ta ture, ta juya ga bangonta. Matar da ta yi rayuwarta tana tatsa da hannunta, ita ake kai wa farin gari a ce mata nono ne.

Ga kuma ƴan dubiya. Mata su cika ɗakin, kowace da sannunta, daga nan a shiga lissafin wanda ya mutu da wanda aka haƙa wa kabari bai dace ba. In sun tafi sai in ga Inna ta ƙara nutsewa cikin tabarma. Ana magani kai na kaba.

Wata rana na tsinko zogale a bayan gida, na dafa, na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji, yadda take yi mana muna yara. Na ajiye kusa da ita. Can sai na ga ta ɗebo da yatsu ta kai baki, ta sake ɗebowa. Ana haka sai ga Yaya ya ɗaga asabari.

"Mene ne wannan?"

"Kwaɗo ne, Yaya. Ka ga tana ci."

"So kike a ce muna ciyar da uwarmu ganye? Ga shinkafa a gidan nan."

Ya ɗauke ƙwanon ya fita da shi. A shekarun nan wanda rumbunsa ya ƙare shi ke cin ganye, kuma Yaya ya gwammace Inna ta kwana da yunwa a gaban shinkafa da a ji an ce gidansa an koma zogale.

Da ƙyar na sa aka ɗora ta a amalanke aka kai ta likita, wato ɗan asibitin yankinmu. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba idonta, ya saurari ƙirjinta, ya yi mata tambayoyi a hankali. Ya ce mana, "Zuciyarta ce ta gaji. Ku fito da ita ta sha rana, ta taka ƙafa, ta ci abin da ranta ke so, ku ba ta abin yi. In ta ƙi ci gaba ɗaya ku dawo da ita." Na ji kamar in yi guɗa. Muna fita Yaya ya ce, "Wannan bai san aikinsa ba, ko allura bai yi mata ba." Aka mai da ita ɗaki aka saki asabari.

Abin da ya cece mu taki ne. Da rani makiyaya kan sauka a gonaki, shanunsu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba su hatsi. Yaya ba shi da sauran dabba, gona kuma ba ta san kunya ba, dole ya sauke wasu da ƴan shanun da fari ya rage musu. Sai dai ya kai su gona mai nisa, don kada kukan saniya ya iso gida.

A cikinsu akwai wata tsohuwa, ƙawar Inna tun suna ƴan mata. Ta zo gaisuwa da ƙwaryar kindirmo a ka. Gwaggo ta tare ta a ƙofar gida, ta sa ta ajiye ƙwaryar a waje, ta ja mata kunne kada ta ambaci shanu. Tsohuwar ta ce to. Tana shiga ta yaye asabarin gaba ɗaya, haske ya faɗo ɗakin.

"Ke, wa ya mutu kike kwance?" in ji ta. "Nawa ma sun zube, na bar mushensu a hanya ban ko waiwaya ba. Ƴan da suka rage ga su can a gonar ɗanki, yatsuna sun sandare, surukata kuma tatsa take kamar mai matsar tsumma."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Inna kuwa ta juyo, ta kama bakin zanin ƙawarta ta kai hanci. Zanin duk ƙamshin man shanu ne da hayaƙin ruga. Sai kuka ya ƙwace mata, kuka mai sauti, har maƙwabta suka leƙo.

Yaya ya ja ni gefe, idonsa ja wur. "Kin ga abin da nake gudu?"

Na ce, "Yaya, yaushe rabonka da jin muryarta?"

Ya ce, "Ke kin yi aure. Gidan nan ni ke riƙe da shi."

Na haɗiye, amma ranar kasuwar Guci, yana fita da sassafe, na ɗaura wa Inna zani na ce mu je. Ta ce ba za ta iya ba. Na ce za ki iya. Muka kama hanyar gona tana dafe da kafaɗata, goyona a baya, muna tafiya muna hutawa. A tsakiyar hanya ta ce mini, "Ke dai tun kina yarinya ba ki da mutunci." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

A mashekari, inda makiyayan suka sauka da shanunsu, ƙawarta ba ta ce mata sannu ba. Ta tura mata turmi ta zauna, sannan tsohuwar ta saki maraƙi ya ɗan tsotsa, ta janye shi, ta sa mata ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Inna ta jingina goshinta a cikin saniyar ta daɗe a haka. Daga nan na ji nono ya fara sauka a ƙwarya. Da ta gama ta kafa kai ta sha da ɗuminsa.

Kada a ce ranar ta warke. Washegari ƙin tashi ta yi, ta ce in ƙyale ta. Wata rana mu je, wata rana in yi ta magiya har rana ta take ba ta motsa ba, in fita bayan ɗaki in yi kukan takaici. Yaya ya daina yi mini magana, amma bai hana ba, tun da ya ga tana dawowa da yunwa. A hankali ta fara shan fura da nono, ta nemi kwaɗon nan da bakinta, tana barci saboda gajiyar tafiya. Ta sa aka yi mata kitso. Ta karɓi jikarta ta ce na bar ta da ƙazanta a wuya. Gwaggo ta zaga gari tana cewa sabon jiƙonta ne ya kama iskar. Yaya ya ce dama ya faɗa, hutu ne maganin. Ni da na sha ranar babu wanda ya tuna da ni, kuma har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Makiyaya dole su tashi daga gonaki kafin shuka, kuma na san in sun tafi babu abin da zai fitar da Inna da safe. Ɗakin nan na jiranta, asabarin ma ba a cire shi ba.

Ranar da za su tashi, tsohuwar ta shigo gidanmu tana jan karsana mai ciki, ta ɗaure ta a tsohon turkenmu. Al'adarsu ce da ake kira habbanaye: wanda shanunsa suka ƙare sai a ɗaure masa saniya, ya riƙe ta ya sha nononta, ƴaƴan da ta haifa nasa ne, daga baya uwar ta koma garkensu. Yaya ya fito ya ga abin da ake yi, fuskarsa ta canza.

"Iya, mun gode, amma gidan nan ba a kai ga karɓar wannan ba," in ji shi. Ya sunkuya ya fara kwance igiya, sannan ya rage murya. "In ita ma ta mutu a hannunmu fa? Wa zai tashi Inna a karo na biyu?"

Sai a lokacin na ga tsoron da ke ƙarƙashin girman kan nasa, amma hakan bai hana ni jin kamar in fizge igiyar ba. Ban kai ga motsawa ba muka ji magana daga ƙofar ɗaki. Inna ce a tsaye. Yaya ɗan fari ne, saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana ido da ido sai ta bakin wani. Ranar shi ta duba.

"Kai, cika igiyar nan. Ba kai aka ɗaure wa ba."

Ya tsaya a sunkuye.

"In ta mutu zan yi kuka," ta ce. "Na iya."

Ya saki igiyar. Ta zo ta shafa cikin karsanar, ta duba hantsarta, ta ce a nemo harawa da kanwa. Sannan ta juyo gare mu duka ta ce, "Ina ƙorena?"

Gwaggo ta dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa. Ni na hau rumbun na sauko da su ɗaya-ɗaya, duk ƙura da yanar gizo. Babbar ƙwaryar, wadda uwarta ta ba ta, gara ta cinye gindinta. Inna ta ɗaga ta sama, muna ganin fuskarta ta cikin ramin.

"Shanuna fari ya kashe su," ta ce. "Wannan fa, wa ya kashe ta?"

Ta ajiye ta a gefe, ta ɗauki mai bi mata, ta ce in ɗebo ruwa.