Yadda Na Zama 'Yar Scene da Ɗankwalina

Wata Asabar a watan Yulin 2008, a gidanmu da ke unguwar Parkchester, can ƙasar waje, ƙaurin gashi ya tona mini asiri. Na kulle kaina a banɗaki, na tsefe kitson da bai yi sati ba, na jona ƙarfen miƙar da gashi da na aro, ina ta matsa shi a gaban goshina. Gashin bai miƙe ba, hayaƙi kawai yake yi. Shekarata goma sha uku, kuma ba ni da wani buri a duniya da ya wuce a ce ni ma 'yar scene ce.

'Yan scene yara ne masu son kiɗa mai ihu, da kaya masu ihun da ya fi na kiɗan. A makarantarmu ba su da yawa, kuma shugabarsu ita ce Marisol, 'yar Dominika da muke zama tebur ɗaya. Ita ta karanta mini dokokin a filin wasa, tana taunar cingam. Gashi ya tashi sama ta baya, ya kwanto ta gaba ya rufe ido ɗaya, a bar masa jela mai ratsi-ratsi. Kwalli ya yi baƙi ƙirin. Wando ya matse, bel ya sha ƙusoshi, awarwaron roba ya hau har gwiwar hannu. Akwai wadda ba na mantawa: "Kada ki bari kala biyu su yi sulhu a jikinki."

Mafi yawa na samu hanyarsu. Kwalli dai ba abin nema ba ne a gidan Bahaushiya. Awarwaro na tsinto a teburan 'yan kasuwar titin 125th Street ranar da na raka Mama sayen man kaɗe da turare. Wandon ma ta yarda da shi, muddin riga ta sauko gwiwa. Gashi ne ya tsaya mini a wuya. Tun aji shida nake rufe kaina, kuma ba wanda ya tilasta ni, ni ce na nace har da kukana. Ga shi ranar nan za su ɗauki hoton ƙungiya a bakin famfon ado mai feshin ruwa na unguwa su ɗora a shafinsu na intanet, kuma kowa ya san wadda ta fito a hoton ta shiga, wadda ba ta fito ba ta koma 'yar kallo. Shirina shi ne in miƙar da gashin, in fita da mayafi, in cire shi a cikin lif.

Sai na ji Mama tana buga ƙofa. Dawowarta ke nan daga gidan tsohuwar da take kula da ita, ko takalmi ba ta cire ba.

"Hadiza, wa yake babbaka kan rago a gidan nan?"

Na buɗe, na fashe da kuka, na zayyane mata komai da Turanci, tana amsawa da Hausa, yadda muka saba. Na zaci za ta kira mini Baba a waya. Sai ta ce, "Nuna min picture ɗin yaran." Na kunna kwamfutar falo. Ta daɗe tana kallon kan Marisol, can ta kwashe da dariya.

"Ikon Allah. Ai ɗauri suke yi da gashi, don ba su da ɗankwali. Ni ban ce ki cire ba, ban ce kar ki cire ba. Zauna tukuna."

Ta jawo akwatin ƙarƙashin gado, ta zaro ɗankwalin wani tsohon anko, baƙi mai ratsin ruwan hoda da kore shar, irin wanda da can nake cewa ko a mafarki ba zan saka ba. Ta fara sa mini baƙin hijabi ƙarami ya rufe gashi da wuya, sannan ta danna gwiwarta a bayana, fil a bakinta, tana ja tana naɗewa har kunnuwana suka yi zafi. Ta tayar da shi ta baya ya yi tozo, ta turo gefen gaba ya karkato kan idona na hagu, ta saki jela ɗaya a kafaɗa. Kwallin ma ita ta zizara mini, tana mitar cewa na cika ƙifce-ƙifce.

A cikin lif ni kaɗai ce. Na ga kaina a jikin ƙarfen ƙofar, na kai hannu kan ƙullin. Tsoro nake ji sosai, kada su yi mini dariya. Amma wallahi abin ya yi kyau, kuma na ji ba zan iya warware shi ba. Na sauke hannuna.

Da na isa, hira ta tsaya. Marisol ta zagaye ni a hankali, ta taɓa tozon da yatsa.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Mamata."

"Shigo tsakiya," in ji ta. "Naki ya fi na kowa tashi."

Yanzu Mama ta koma Kano, yatsunta sun daina yarda da ƙulli, shafin da hoton ma sun ɓace tuntuni. Idan na hau jirgin ƙasa mai lamba 6 zan tafi aiki, nakan ga 'yan mata da hijabi da kwalli har kunne, da takalma masu kalar da ba ta da suna, ba su nemi izinin kowa ba. Daɗi yakan kama ni, sai kuma kewar Mama ta biyo baya. Tun daga ranar ban sake ajiye rabin kaina a gida don in shiga cikin mutane ba.